Kun Tambaya, Mun Amsa: Tsofaffin Katin Sakamako, Satifiket da Allon Sauka

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan takardun makaranta suke. Mun taƙaita tambayoyin don amsoshin su sami wuri.

TAMBAYA: Bayan rasuwar mahaifinmu mun buɗe akwatinsa na ƙarfe, muka tarar da tarin katin sakamakon jarrabawa, nasa da na ƙannensa da ya riƙe. Wasu gefen da aka rubuta shekara ya cinye. Ta yaya zan jera su bisa shekarunsu? (Wani mai karatu daga Zariya)

AMSA: Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Kafin ka taɓa komai, Malam, ka ɗauki hoton yadda ka same su a akwatin, domin sau da yawa mai abu ya riga ya jera kayansa da kansa, na ƙasa ya girmi na sama.

Daga nan sai ka bi abin da aka buga a saman katin. Sunan makaranta shi ne shaida ta farko, saboda tsofaffin makarantunmu sun sha canza suna. Kwalejin da aka kafa a Katsina a 1921 ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, amma sai a 1971 aka raɗa mata sunan Barewa. Ke nan katin da ke ɗauke da sunan Barewa a bugunsa na asali bai girmi 1971 ba. Haka Kwalejin Rumfa ta Kano, da sunan Midil aka fara saninta, ta zama sakandaren lardi, ta zama kwalejin gwamnati, kafin ta sami sunan da take da shi yau. Duk katin da ya ce Midil, to ka kai shi can tsakiyar shekarun 1950 ko kafin nan.

Sunan hukuma ya ma fi sunan makaranta yanke magana. In an rubuta Jihar Arewa, wato tsohuwar gwamnatin yanki, katin ya riga 1967, shekarar da aka yanka ƙasa jihohi 12. Zariya da Katsina sun zauna a Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967 zuwa 1976, sannan aka mayar da sunan Jihar Kaduna. Katin makarantar Funtuwa ko Daura da ke ɗauke da hatimin Jihar Kaduna yana tsakanin 1976 da 1987, lokacin da aka cire Jihar Katsina. Wannan lissafin yana yi wa mutanen Jigawa da Kabi da Yobe aiki da 1991, mutanen Zamfara da Gombe kuma da 1996. Sai dai a lura, makaranta kan ci gaba da amfani da tsohon katin da ya rage a sito shekara ɗaya ko biyu bayan canji, wani lokaci a soke tsohon sunan da biro a rubuta sabo. Irin wannan katin da aka soke ya fi sauran sauƙin sa wa shekara.

Duba kuɗi ma. In akwai wurin kuɗin makaranta da fam da sule, kafin Janairun 1973 ne, watan da naira da kwabo suka shigo. Aji bakwai a firamare alama ce ta tsarin da aka yi kafin shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Fom wan zuwa fom fayif tsohon tsari ne, ƙaramar sakandare da babba kuwa sun zo da tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980. In duk waɗannan ba su fitar da kai ba, sa hannun hedimasta ya rage. Tsofaffin ɗaliban makarantar sun san shekarun da kowane shugaba ya yi.

Abin da ka gano ka rubuta shi a wata takarda daban da fensir, ka sa kusa da katin. Kada ka cike gurbin shekarar a jikin katin da hannunka, ko da ka tabbata.

TAMBAYA: Ina da satifiket ɗin malanta na Gireti Tu na mahaifiyata da nawa na WAEC. An ba ni shawara in kai shago a yi musu laminetin don kada su lalace. In yi? (Wata malamar firamare daga Gusau)

AMSA: Kada ki yi, Malama. Laminetin na cikin abubuwan da ke lalata takardun makaranta a ƙasar nan, kuma abin takaicin shi ne masu son takardunsu ne ke yi da kyakkyawar niyya.

Ga abin da ke faruwa a cikin injin. Ledar laminetin tana da gam a cikinta wanda sai an gasa shi da zafin da ya haura digiri 100 yake narkewa. In ya narke sai ya ratsa cikin zaren takardar ya zama jiki ɗaya da ita. Daga ranar babu mai iya raba su. Hatimin nan mai tudu da ake dannawa a satifiket, wanda ake shafawa da yatsa a ji shi, yana kwanciya a ƙarƙashin zafi da matsi, shi ya sa wasu ofisoshin tantance takardu ba sa son wadda aka rufe. In takardar na da ɗan danshi ranar da aka rufe ta, an kulle shi ke nan a ciki. Bayan wasu shekaru gefe ya ɗage, ruwa ya sami hanya, tawada ta baje, babu kuma damar a shanya ta. Rasit da silif ɗin da ake bugawa a takardar nan mai santsi ta injin POS kuwa baƙi ƙirin suke fitowa daga injin, domin da zafi ake rubutu a kansu tun asali.

Abin da ya kamata ki yi ba shi da tsada. Ki yi kwafi mai launi na kowace takarda, ki yi wa kwafin laminetin in kina so, shi za ki riƙa yawo da shi. Ta asalin ki zura ta a aljihun leda irin na fayil, mai baki a buɗe, takarda ɗaya aljihu ɗaya. Amma ba kowace leda ba. Ki duba jikin fakitin: mai alamar PP ko lamba 5, da mai alamar PET ko lamba 1, su ne masu lafiya. Mai alamar PVC ko lamba 3 ki guje ta. In babu rubutu, hanci ya isa: ledar da ke warin sabuwar ledar tsakar ɗaki PVC ce, tana fitar da maiƙo da daɗewa, tana kwashe rubutun fotokwafi ya manne a jikinta. Katin da aka cike da fensir ya fi son a sa shi cikin farar takarda da aka ninka biyu, saboda leda na jan garin fensir.

Wadda aka riga aka rufe, a bar ta haka. Dabarar nan ta ɗora dutsen guga a ɓare ledar tana tafiya da fuskar takardar, har da suna da maki.

TAMBAYA: Ɗakina ya yi yoyo da damina, ruwa ya shiga jakar da nake ajiye katunan 'ya'yana da hotunan bikin yaye su. Wasu sun manne, wasu sun yi funfuna. Akwai sauran dabara? (Wani magidanci daga Kontagora)

AMSA: Akwai, amma ta danganta da ko har yanzu a jiƙe suke ko sun bushe.

In a jiƙe suke, kwana biyu gare ka, domin funfuna kan fara cikin awa 48. Ka shimfiɗa farin tawul ko farar takarda marar rubutu a kan tebur cikin inuwa, ka jera su ɗaya-ɗaya. Jarida ba ta yi, tawadarta na sauka. Ka kunna fanka ta riƙa juya iskar ɗakin, kada ka saita ta a kansu. Duk sanda shimfiɗar ta jiƙe ka sauya. Rana da dutsen guga da na'urar busar da gashi duk haramun ne a wannan aikin: suna busar da waje kafin ciki, takarda ta kanannaɗe ta yi ƙaras-ƙaras. Jiƙaƙƙiyar takarda ba ta iya ɗaukar nauyin kanta, saboda haka ka zura leda ko kwali a ƙarƙashinta ka ɗaga, kada ka kama ta a kusurwa.

Takarda mai sheƙi da hotuna su za ka fara rabawa tun suna jiƙe, don in suka bushe a haɗe sun haɗu ke nan. Hoton da aka wanke a situdiyo yana jure a ɗauraye shi a ruwan sanyi mai tsabta, a shanya shi fuska sama, ba a taɓa fuskar. Wanda aka buga da firintar tawada ba ya jure wannan, a shanya shi kawai. In sun yi maka yawa, ka sa su a leda ka jefa firiza, ƙanƙara tana tsayar da funfuna har ka sami sukunin bi a hankali.

Waɗanda suka bushe a manne, ka gwada zura siririyar wuƙa marar kaifi daga gefen da ya ɗan buɗe. Da zarar ka ga rubutu na tashi, tsaya. Kati biyu a manne da ake karanta rabinsu sun fi kati biyu a rabe da ba a karanta komai.

Funfuna ba a goge ta tana danya. Sai takardar ta bushe sarai, funfunar ta zama gari, sannan ka fita waje, ka sa takunkumi, ka share da burushi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. Tsumma mai ruwa tura ta ciki yake yi, bilic kuma yana cin takarda da tawada gaba ɗaya. Tabon zai zauna, wannan sai haƙuri.

Don gaba, wurin ajiya ya fi komai. A ɗaga akwati daga ƙasa kamar taƙi guda, a nisanta shi da bangon da ruwa ke duka da kuma saman sif da ke dab da rufin kwano. Funfuna tana tashi in danshin iska ya wuce kashi 65 cikin 100, abin da Agusta ke kawowa a yawancin garuruwanmu. 'Yan ƙullin nan na ƙwayoyin tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi suna taimakawa, in an tara da yawa an sa a akwati mai rufuwa ruf. Da hunturu kuma matsalar juyewa take yi, takarda ta bushe ta yi saurin karyewa, don haka a rage buɗe masu ninki a lokacin.

TAMBAYA: Na ga ƙananan huji da wani gari-gari a cikin fayil ɗin takarduna. In fesa maganin ƙwari? (Wata mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: A'a, Hajiya, kada fiya-fiya ko kananzir ko maganin feshi su taɓa takarda, maiƙonsu na barin tabo kuma yana narkar da wasu tawadoji. Ki fara gane mai ɓarnar. Hanyar ƙasa da ta hau bango ko ƙafar akwati aikin gara ne, maganinta a ɗakin yake, sai a kwashe takardun a yi wa ginin magani. Kyankyaso da ɗan ƙwaron nan mai launin azurfa gam da sitaci suke bi, shi ya sa suke cin wurin da aka liƙa hoto.

Sanyi ne ke kashe su har da ƙwai. Ki sa busassun takardun a leda biyu, ki matse iska, ki ɗaure tam, ki ajiye a firiza mai kai digiri 18 ƙasa da sifili tsawon mako biyu. Sharaɗin shi ne wuta ta tsaya, saboda haka ki nemi firiza mai aiki da sola. In kin fito da su kada ki kwance ledar sai bayan kwana ɗaya, don raɓar ta taru a bayan leda maimakon kan takarda. Kafur in za a sa, a ƙulle shi a tsumma a kusurwar akwati.

TAMBAYA: Takardar shaidar digirina tun ranar biki take a nannaɗe cikin kwalinta mai kama da bututu, yau shekaru da yawa. Na zo buɗewa ta fara tsagewa, na liƙe da salatif. (Wani ma'aikaci daga Bauchi)

AMSA: Salatif ɗin ya fi tsagewar illa. Gam ɗinsa yana komawa ruwan ƙasa, ya ratsa takarda, ledar ta faɗi ta bar tabon da ba ya fita. In sabo ne kuma yana ɗagowa da kansa, ka janye shi a kwance, sannu-sannu, yana bin fuskar takarda. In ya kama, ka bar shi.

Takardar da ta daɗe a nannaɗe danshi kaɗan take buƙata ta saki jiki. Ka sami babbar roba mai murfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul da aka matse a gindinta, ka ɗora raga ko kwandon roba a kife, ka aza takardar a kai yadda ba za ta taɓa ruwa ba, ka rufe. Ka riƙa dubawa duk rabin awa. Tsakanin awa ɗaya zuwa huɗu za ka ji ta yi laushi. In sa hannun da ke jiki na alƙalamin ruwa ne, ka sa ido sosai, da ka ga gefen rubutu ya fara bajewa ka fitar. Sai ka buɗe ta tsakanin farin takardu masu kauri, ka ɗora katako mai faɗi da littattafai, ka sauya takardun bayan awa ɗaya, ka bar ta kwana biyu ko uku. Wurin hatimi mai tudu ka yanke masa taga a kwali don nauyi kada ya danne shi.

Masu gyaran takardu da sitacin alkama suke liƙi: awo ɗaya na sitaci, biyar na ruwa, a dama a kan wuta kaɗan kamar minti 20 har ya yi garai-garai, ya huce, a tace, a shafa ɗan kaɗan a siririyar takardar Japan a liƙa ta baya. Amfaninsa shi ne danshi na cire shi ko bayan shekara hamsin. Fulawa ba ta maye gurbinsa, ƙwari take kira. In ba ka sami waɗannan ba, daidaita bakin tsagewar ka zura a aljihun leda, ya wadatar.

Tunda ana maganar ƙarfe da gam: fil ɗin sitefila da kilif suna tsatsa su huda takarda, robar ɗaure kuɗi kuma narkewa take yi. Fil ana cire shi ta baya, a zura ɗan kwali a ƙarƙashi, a miƙe ƙafafunsa biyu da bakin wuƙa, sannan a zare ta gaba.

TAMBAYA: Ni abin tunawata allon zayyana ne na saukar Alƙur'ani, da bajon makaranta, da hoton ajinmu. An ce in shafa wa allon banish ya yi ƙyalli. (Wata ɗaliba daga Kano)

AMSA: Allah Ya sanya albarka a karatu. Allon sauka shi ne takardar shaidar kammala karatu da muka gada tun kafin Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta boko a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma ya cancanci kulawar da ta fi ta satifiket. Kada ki shafa masa banish ko mai. Banish yana komawa rawaya ya tsattsage, ya ɗebo zanen. Tawadar gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, an yi ta ne dama don a wanke, saboda haka ko tsumma mai laima kada ya kusance shi. Ƙura da busasshen burushi mai laushi ake kaɗe ta. Ki naɗe shi a farin yadin auduga da aka wanke ba sitaci, ki kwantar da shi a wuri mai tsabta sama da sauran kaya, saboda ayoyin da ke jiki. In kina son ratayewa, ki zaɓi bangon da rana ba ta haskawa, don launuka na koɗewa a rana. Allo mai fenti ba a sa shi a firiza, katako na motsi fentin ya ɓanɓare.

Allo ba ya faɗin shekara ko sunan malami, sai ki rubuta a kati: sunanki, sunan malam da makaranta da unguwa, wanda ya yi zayyanar, da ranar walima a Hijiriyya da Miladiyya. Ki ɗaura da zare a mariƙin allon.

Bajo na ƙarfe a goge shi da busasshen tsumma, a ware shi daga takardu. Man goge tagulla yana cin fentin tambarin.

Hoton aji kuwa, mafi gaggawar aikinsa sunaye ne. Ki yi kwafi, ki sa wa kowane kai lamba a kwafin, ki zauna da 'yan ajinku ku cike tun kuna tunawa. Biro a bayan hoto yana fasowa gaba. Hoton da ya manne da gilashin firam kada a ɓare, a ɗauki hotonsa ta cikin gilashin.

TAMBAYA: Ina sha'awar tara tsofaffin katunan makarantun Arewa don tarihi. Ya halatta in saya daga hannun mutane, in kuma sa a Facebook? (Wani mai bincike daga Kaduna)

AMSA: Sha'awa ce mai kyau, Malam, kuma muna ganin katin sakamako ya fi satifiket amfani ga mai tarihi. Satifiket suna da maki kawai yake bayarwa, hukumar jarrabawa ma tana da bayaninsa. Kati kuwa yana nuna darussan da ake koyarwa, yawan 'yan aji, kwanakin da yaro ya yi fashi, da abin da malamin aji ya rubuta da hannunsa game da halinsa. Makarantu da yawa ba su da kwafin wannan, in na gida ya ɓata shi ke nan.

Amma ka raba abu biyu. Kati, mujallar makaranta, takardar shirin bikin raba kyaututtuka, bajo da hoto, ana iya karɓarsu da yardar mai su ko magadansa, a rubuta daga wa aka karɓa da yaushe. Satifiket na jarrabawa ko na hidimar ƙasa na mutumin da ke raye kada ka saya, kada ka riƙe. Hanya ce ta sojan gona, kuma WAEC, da aka kafa tun 1952, ba ta sake buga satifiket ga wanda nasa ya ɓata, takardar tabbatar da sakamako take bayarwa. Sau da yawa ma ba ka buƙatar na asali. Roƙi izini ka yi sikanin ka mayar wa iyali kayansu.

Sikanin ya zama mai launi, gaba da baya, a saita ma'aunin kaifin sikana, wato dpi, a 300 ga takarda, 600 ga hoto. Ka sa wa kowane suna da shekara da makaranta, ka ajiye kwafi uku: a kwamfuta, a filash da ke wani gida, da kuma a intanet. Kafin ka sa a Facebook ka rufe lambar jarrabawa, lambar satifiket, ranar haihuwa da sa hannu. Ka kuma nemi izini, domin akwai dattijon da ba zai so jikokinsa su ga ya zo na ƙarshe a lissafi a aji uku ba, kuma haƙƙinsa ne.

In tarin ya yi yawa, ka tuntuɓi Gidan Arewa da ke nan Kaduna ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ko reshen Kaduna na ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ko ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar da abin ya shafa. Ka tafi da jerin abin da ke hannunka a rubuce, ka tambayi yadda za su ajiye shi da wanda zai sami damar gani, ka kuma karɓi takardar shaidar miƙawa mai sa hannu kafin ka bar musu komai.